Lasifikar Tsakiya

A Damagaram, in ka ji an ce kayan sautin wane sun yi kyau, abin da ake nufi shi ne suna girgiza kwanon rufi. Ka ratsa layin masu kayan kuran a Kasuwar Dole ranar Alhamis, kowane shago ya fito da akwatunansa bakin ƙofa ya ƙure murya, ba ka jin waƙa ko ɗaya, sai dukan ƙirji kawai. A jikin kwali an rubuta 5000W da manyan lambobi, a ƙarƙashi kuma ga wasu ƙananan haruffa huɗu, PMPO, waɗanda ba mai kula su. Wannan adadi ba ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba ne. Abin da za ta iya tofarwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka amince da ita wajen auna shi, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Adadin da ake dogara da shi ana kiransa RMS. In ba a rubuta shi ba, juya akwatin ka duba wat nawa yake sha daga bango, domin na'urar da ke shan wat 60 ba ta da inda za ta samo 5000 ta ba ka.

Ko da ma adadin gaskiya ne, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ninka wat wajen sau goma. Na sha faɗa wa abokaina wannan, su kuma su ce ɗan rediyo ya fara iyayi.

Kayan da muka fara da su a gidana suna cikin kayan ɗakin maiɗakina: wufa ɗaya mai fitilu shuɗi da ja, da ƙananan lasifika biyu kamar gwangwanin madara. Sun yi mana shekara biyar ba su taɓa lalacewa ba, kuma a ranar suna sun fitar da mu kunya. Sai dai abu biyu kawai suka iya, kauri a ƙasa da tsiwa a sama. Tsakiya, inda muryar ɗan Adam take, rami ne.

Baba ne ya fi kowa shan wahalar wannan rami. Tun rasuwar Inna ya dawo wurinmu da zama, kuma bayan isha'i yakan shigo ya shimfiɗa buzunsa mu kalli Daɗin Kowa tare. Sai ya ce, “Kai, ƙara mini.” In ƙara, kiɗa ya taso ya daki kunnensa, ya ce, “Rage, za ka kurumtar da mu.” In rage, magana ta ɓace. Haka muke yi, telekomandi a hannuna kamar mai tuƙi a hanyar laterit. A hankali ya daina tambayar me aka ce. Daga baya ya daina shigowa, in an kira shi ya ce barci yake ji, alhali muna jin rediyonsa a ɗaki har sha ɗaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa a lakwal ba zai zauna jikoki suna maimaita masa magana ba.

Teknisiyan ɗin tasharmu ne ya warware mini abin a kan takarda. Kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga karkarwa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Tsufa kuwa daga sama yake fara ci, siraran sautuka ne ke fara tafiya. Wasulan magana suna ƙasa, masu ƙarfi ne, tsoho yana jinsu. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da k suna sama, akasari daga 2,000 zuwa gaba, kuma raunana ne. Shi ya sa tsoho ke cewa yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa. Ƙari a kan haka, sauti mai kauri in ya yi yawa yakan danne na samansa. Wato wufar da muke alfahari da ita tana binne ɗan abin da ya rage wa Baba.

Ga mai jin Hausa abin ya fi muni. Tsakanin daidai da ɗaiɗai, ko kara da ƙara, ɗan motsin maƙogwaro ne da bai kai ƙiftawar ido ba. Kukan jariri da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Harshe irin wannan yana buƙatar tsakiya mai tsabta fiye da buƙatarsa ga ganga.

Ban sayi komai a rana ɗaya ba, albashin rediyo bai ba da wannan fuska ba. Na fara da ampli na hannu, Yamaha, irin waɗanda ke shigowa ta Kwatano, da lasifika biyu matsakaita. Sai regilatar, domin a nan kuran in ya dawo ba ya sallama. Bayan wata bakwai na samu wadda nake nema, doguwar lasifika ta kwance, ta tsakiya. Mai shagon ya yi ta ƙoƙarin juya ni. “Malam, wannan ai ba ta da ƙarfi, ga wufa inci goma sha biyu, in ka kunna har Birni sai sun ji.” Na ce masa mutum ɗaya nake so ya ji, kuma a cikin ɗakin yake.

Tsarin da ake kira 5.1 ba wani sihiri ba ne. Biyu a gaba, dama da hagu, su ke ɗauke da kiɗa da faɗin wuri. Biyu a gefe ko ɗan baya, na ruwan sama da hayaniyar kasuwa da motar da ta wuce. Ɗigo ɗayan shi ne na wufa, layi na musamman da bai wuce 120 Hz ba. Ta tsakiya kuwa ita ke ɗauke da kusan duk maganar fim. Amfaninta shi ne tana da nata maɓallin: kana iya ɗaga magana ka bar kiɗa inda yake. Na ƙara mata desibel 3, na kunna tsarin dare da ke cikin ampli, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da harbin bindiga.

Littafin da ke zuwa da irin waɗannan kaya yana cewa a ajiye lasifika daidai kunnen mai zaune, yana nufin mai zaune a kan kujera. Mu rabin gidan a ƙasa muke zama. Don haka na sauke ta tsakiya zuwa ƙaramin benci ƙarƙashin tele, tana kallon buzun Baba. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne gyaran da bai ci ko dala ba. Ɗakin nan karo ne a ƙasa, siminti tsirara a bango, in ka tafa hannu sai ka ji tafin ya yi jela. Duk maganar da ta fito sai ta bugi bango ta dawo ta taka wadda ke biye da ita. Muka shimfiɗa babbar darduma, maiɗakina ta sauya labule da mai kauri, na jawo kantar littattafai bangon baya. Jelar ta gutsure. Wani abokina da ya yi ta kukan sabbin lasifikarsa ba su da kauri, da na je na tarar ya juya wayar ɗaya, ja a gurbin baƙi, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, suna kashe wa juna kaurin. Minti biyu aikin ya ci.

Baba bai ce komai ba daren farko. Dare na uku ne aka yi wata magana a fim ya yi dariya kafin kowa, sannan ya juya ya bayyana wa jikarsa karin maganar da aka yi. Tun daga nan telekomandi ya huta.

Na gefe biyu da sabuwar wufa sun zo ne bayan shekara, kuma su ne abokai ke zuwa gani. Kowa ya shigo sai ya ce a sa masa farkon Saving Private Ryan, fim ɗin 1998, inda sojojin Amurka ke sauka gaɓar Normandi harsashi na wucewa ta bayan kunne. Aiki ne na gwanaye, ba musu, amma na gaji da shi. Abin da ya fi burge ni a wurin ma shi ne lokacin da bam ya toshe kunnen jarumin, komai ya koma kamar a ƙarƙashin ruwa. Christopher Nolan kuwa ina da ƙorafi a kansa. A Interstellar na 2014 da Tenet na 2020, mutane a ƙasashen da ke da manyan gidajen sinima sun yi ta kukan kiɗa ya danne magana, kuma da gangan ya yi. To, hakkinsa ne. Amma ni aikina magana ne, mutumin da ya sa ɗan wasa ya haddace layi sannan ya zuba masa ganga a kai, ban ga abin yabo ba.

In ana son a san ko kayan sauti na kirki ne, Timbuktu na Abderrahmane Sissako nake sawa. Fim ne na 2014, ya ci kyautar César bakwai a Faransa, har da ta sauti. Babu fashe-fashe da yawa a ciki. Akwai iska a kan rairayi, da tafiyar shanu cikin ruwa, da masu bindiga suna bin lungu da dare suna neman gidan da kiɗa ke fitowa, ka ji garayar can nesa ta gefe ɗaya kamar kai ma kana cikin masu neman. Wanda ya san hamada ya san shirunta yana da sauti, kuma sun kamo shi. A tsohuwar wufarmu wuraren nan kamar an kashe tele ne.

Finafinan Indiya su muka tashi da su, kamar kowa a ƙasar Hausa. Sholay na 1975 an fito da shi da sautin sitiriyo tun wancan zamani, kuma har yau ƙarar tsabar kuɗin da Amitabh Bachchan ke cillawa tana da daɗin ji. Yawancin finafinansu a situdiyo ake sake ɗora murya bayan ɗauka, shi ya sa Lagaan na 2001 ya fita daban, don an naɗi maganar a filin ɗauka. Fassarar Hausa da ake yi musu yanzu tana ba ni dariya, wasu masu fassarar ma sun fi jaruman iya magana. Sai dai da zarar mai fassara ya buɗe baki, sai a shaƙe duk sautin asali, ruwan sama ya tsaya cak, ya gama magana ruwa ya ci gaba. A waya ba ka lura. A ɗakina kamar ana buɗe ƙofa ana rufewa ne.

Wannan ya kawo ni ga namu, kuma a nan ne sabbin kayan suka ɓata mini rai. Lasifika ta kirki ba ta ƙara wa abu kyau, abin da aka naɗa take faɗa, har da wanda aka so a ɓoye. Finafinan Kano ba a haɗa su da layi shida, sitiriyo ne, wani lokaci ma layi ɗaya, ampli ne ke tsamo maganar ya tura tsakiya. Da ya tsamo sai ga gurnanin janareto a bayan hirar masoya. Ga Alhaji kusa da makirfo kamar zai haɗiye ka, Hajiya kuma can kamar daga rijiya. In aka yi faɗa murya ta fashe ta yi ƙara-ƙara, don ba wanda ya rage kafin a ɗauka. Sannan fiyano, wadda ba ta gajiya: ana kuka tana nan, ana cin tuwo tana nan, ana gaisuwar mutuwa tana nan. Tun Turmin Danya a 1990 masana'antar nan ta yi tafiya mai nisa, kyamara ta gyaru, ga jirgin ɗaukar hoto daga sama a kowane fim. Jerin shirye-shiryen ƴan shekarun nan irin su Labarina da Kwana Casa'in sun fi na da tsabtar magana nesa ba kusa ba. Amma har yanzu za ka ga furodusa ya kashe dukiya a hayar gida da motoci, mai riƙe sandar makirfo kuwa duk yaron da ke kusa ne. Ga marubuta da suka iya zance, ga ƴan wasa masu murya, abin da ya fi komai daraja a fim ɗin Hausa shi ake wa riƙon sakainar kashi.

Ina sane da hujjarsu. Mafi yawan masu kallo a waya suke kallo, lasifikar waya kuma ba ta fitar da kauri, ba ta nuna gurnanin janareto. Mu ma a rediyo muna matse sauti, mu ɗaga raunana mu danne masu ƙarfi, don mai kabu-kabu da mai shayi su ji mu cikin hayaniya, kuma FM ba ta wuce 15,000 Hz. Sai dai mu abin da muka faɗa iska ke tafiya da shi. Fim ajiya ne. Wanda aka naɗa da kyau ana iya matse shi don waya, wanda aka naɗa a lalace kuwa ba injiniyan da zai dawo da shi.

A ɓangaren waƙa ma haka. Waƙoƙin fiyano na zamani an gina su don waya da filin biki, kuma a can suna aikinsu. Jaruma ta Hamisu Breaker ba ta buƙaci ampli ba kafin ta mamaye gidaje a 2020. A ɗakina dai ba na iya jin uku a jere, komai a ƙure yake daga farko har ƙarshe, murya kuma na'ura ta goge ta har ba ka jin numfashin mai ita. Ba na'urar ce matsala ba. Mdou Moctar ya naɗi Anar a Sakkwato a 2008 da irin wannan gyaran murya, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel, kuma suna da rai. Amma ka saurari Afrique Victime na 2021 ka ji abin da ke faruwa in aka ba makaɗin Nijar situdiyon da ya dace da shi: ganga tana da wurinta, jita tana da nata, in suka haukace a ƙarshe ba wanda ya taka wani. Haka In the Heart of the Moon na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté, da aka naɗa a wani otel a Bamako ya fito a 2005, kana jin yatsa na barin tsirkiya. Shi nake sawa in na dawo daga aiki kunnena ya gaji. Da biram ɗin marigayi Malam Maman Barka, ɗan jiharmu da ya rasu a 2018, mai tsirkiya biyar, wanda kaurinsa ke nuna ko wufa tana rera sauti ko kuwa gurnani kawai take.

Maganar wufa, bayan isha'i kashe ta nake. Sauti mai karkarwa 40 tsawon zangonsa ya haura mita takwas, bangon bulo ba ya tare shi, labule balle. Kai kana jin fim, maƙwabci dukan kawai yake ji ba tare da waƙar ba, kuma maƙwabcina yana da jariri. Ina kuma ganin yadda ake yi a bukukuwa, yara ƙanana sun manna kai a akwatin DJ suna rawa. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu. A desibel 100 abin bai wuce minti goma sha biyar ba. Gashin cikin kunne da ya mutu ba ya tsirowa. Baba ya kai saba'in kafin nasa ya fara tafiya, waɗannan ban san ko za su kai arba'in ba.

Inda kayan suka fi biyana kuɗina shi ne Shata. Na tashi ina jin kalangu a matsayin duka kawai. Ashe magana yake. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin a hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar Hausa, kuma ba ɗaya ba ne, suna amsa wa juna a ƙarƙashin ƴan amshi. Duk wannan a tsakiya yake, a ramin nan da tsoffin kayanmu suka bari. Kuntigin Ɗan Maraya Jos ma haka, tsirkiya ɗaya tak, amma sai ka rantse mutum biyu ne.

Sai dai kwafin da ke yawo a hannun mutane abin tausayi ne. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Abin da ke cikin katin wayoyinmu ya fito ne daga kaset da aka kwafa daga kaset, aka mayar MP3, aka tura ta Bluetooth, wani ya sa a bidiyo, wani ya sake ciro shi, aka jefa WhatsApp. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na yau da kullum 128, wato an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya, kuma duk sake matsewa sai an ƙara zubar da wani abu. Akwai waƙar Ɗanƙwairo da nake da ita kwafi huɗu, a uku daga ciki ƴan amshi sun zama kamar ƙudan zuma a tulu. Ba lasifikar da za ta gyara wannan, ƙara tona shi ma take yi.

Abokaina yanzu sun matsa in sa na rufi, irin tsarin Dolby Atmos da ya fito a 2012, don jirgi ya riƙa wucewa ta saman kai. Kuɗin da na tara na sayi tsohon dek na kaset da su, na kai wa mai gyara ya sauya masa roba, don zafin garin nan ya narkar da ta asali ta zama kamar kwalta. Baba yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, wasu ya saya a Kano, wasu shi ya naɗa da kansa daga rediyo a shekarun 1980. Duk Lahadi muna juye biyu ko uku zuwa kwamfuta ba tare da matsewa ba. Minti ɗaya yana cin megabait goma, kaset mai minti 90 ya kusa cika gigabait guda, na ajiye a wuri biyu. Shi ke karanta rubutun jikin kwalin, ni ina bugawa. Mun yi 41, saura fiye da ɗari, wasu kuma zaren ya manne sai an bi da fensir a hankali.

Waɗanda ya naɗa daga rediyo ba da waya ya haɗa ba, rakoda ya ajiye gaban rediyo a tsakar gida, don haka duk abin da ya gitta ya shiga. Akwai zakara, akwai luguden daka daga maƙwabta. A kaset na 27, ana tsakiyar wata waƙar Ɗanƙwairo, sai ga muryar mace can baya tana cewa a ɗauke yaron nan daga bakin murhu. Baba ya ɗaga hannu. Na tsayar. Ya ce, “Mayar baya kaɗan.” Na mayar, na ƙara wa ta tsakiya desibel biyu. Muka ji sau huɗu. Sannan ya ce in rubuta a jikin fayil ɗin, bayan sunan waƙar, cewa akwai Inna a minti na goma sha tara.